Mitar da Baba Ya Zaɓa

Akwai wata ƙara da mota ke yi idan batirinta ya mutu. Ka murɗa makulli, ta ce ƙyat-ƙyat, ta yi shiru. Jiya da safe motar maƙwabcinmu ta yi wannan ƙarar, sai na ga kaina ina yarinya a bakin lungunmu na unguwar Nima, sanye da kayan makaranta, ina kallon maza suna tura motar Baba.

Bari in faɗa maka irin motar. Baba ya saye ta ne a hannun wasu Turawa da suka keto sahara da ita. A cikinta akwai gado da labule da ɗan wurin dafa abinci, tana warin gas da tsohon bargo. Baba fataucin goro yake yi zuwa arewa, ya ce daga yau ya daina kwana a tasha. Lungunmu ba ya cin mota, saboda haka a bakin titi take kwana, gefen kwata, dab da teburin mai shayi.

Mai shayin mutumin Nijar ne, dogo, mai Hausa cikakkiya irin wadda mu 'yan zango, haifaffun nan, ba mu iya ba. Yana haya a ɗakin ƙofar gidanmu, gidan da yake na Kaka ne, mahaifiyar Baba. Shekarun nan ne ruwan madatsar da ke ba mu lantarki ya ja baya, wuta yau akwai gobe babu, batirin rediyo ma sai an sha yawo kafin a samu. Amma rediyon mai shayi ba ta taɓa yin shiru ba.

Motar kuwa, idan ta yi 'yan kwanaki a ajiye, ba ta tashi. Sai Baba ya kira mai gyaran wutar mota, wanda kowa ke ce wa Masta. Mutumin yankin Volta ne, a gareji ya koyi Hausa. A bakinsa komai namiji ne, kuma komai "wani" ne. Ko sifana yake so, cewa yake a miƙo masa wani. Ya duba batirin, ya goge hannu a wandonsa.

"Alhaji, batir yana da lafiya. Wani yana sha wuta. In mota ya kwana, wani yana sha."

"Wani," in ji Baba a hankali.

"Sai mita. Nawa ya ƙone. Ka samo mita, zai nuna ka."

Duk mun san yadda Masta ke magana. Baba ma ya sani. Amma a safiyar nan rediyo na ta labarai a kan tebur, na ga idon Baba ya tafi can, ya daɗe bai dawo ba.

Ranar Asabar ya ɗauke ni zuwa kasuwar kayan mota, domin ni ce mai karanta Turancin jikin kwali. Ban cika magana ba, ya san ba zan kai labari gida ba. Mai shagon ya ajiye mana mita biyu. Ɗaya kewayayya ce mai baki na ƙarfe yana ƙyalli, wadda ake ɗaurawa gaban direba. Sifili a tsakiya, sittin a dama, sittin a hagu. Ɗayar 'yar ƙarama ce baƙa, da waya ja da baƙa, lambobinta ba su wuce biyu ba, amma tsakaninsu akwai ƙananan layuka kamar haƙoran mataji.

Mai shagon ya tambaya da yaren Twi, me Baba ke son gani? Ko injin na cika batir ne, ko kuwa abin da ke zuƙe shi a tsaye? Baba ba ya faɗa wa baƙo maganar gida. Ya ce shi dai mai ƙarfi yake so. Mutumin ya tura ƙaramar gabanmu, ya ce idan ɗigo ake nema ita ce, sai dai kada a tayar da inji tana haɗe, za ta ƙone nan take. Wannan maganar ce ta kashe cinikinta. Baba ya dube ni, ya ce da Hausa, "Abin da ba ya jure tashin inji, shi ne zai kama ɓarawo? So yake ya manna mana kayan da ya rasa mai saye." Muka ɗauki babbar. A trotro, motar hayar da ta dawo da mu, na rungume ta a cinyata, ina kallon allurarta. Ta kwanta daidai kan layin sifili, ta rufe shi ruf.

Ba Masta ne ya ɗaura ta ba, domin Baba ya tuna yana ganinsa yana shan shayi a teburin nan. Ƙaninsa ya sa, Baba Ƙarami, direban trotro. Aka tura motar ta tashi, allura ta yi dama. Aka kashe inji aka kunna fitilu, ta yi hagu. Aka kashe komai, ta dawo tsakiya.

"Ka gani, Yaya," in ji Baba Ƙarami. "Mota ba ta shan komai."

To, idan mota ba ta sha, hannu ne ke ɗiba. Da batirin ya sake mutuwa, Baba ya tsaya gaban tebur bayan sallar asuba, ya ce ana bukatar ɗakin a ƙarshen wata. Mai shayi yana cikin yanka burodi. Bai ɗago ba. Ya ce, "Na ji, Alhaji."

Ka san yadda zato yake a gidan haya. Kafin azahar, matan gida sun tuna da bokitin da ya ɓace bara, da zanin da aka shanya ba a sake gani ba. Mama ta daina aikena sayen burodi a wurinsa. Ni ma na shiga leƙen ƙarƙashin teburinsa idan zan wuce, ina neman waya. Ban ga waya ba. Tsofaffin batura kawai na gani ya jera a kan kwanon rufi suna shan rana, duk ya lotsa su da dutse don su ƙara kwana. Da na ji Baba Ƙarami na cewa rufa-ido ne, sai na kasa sanin abin da zan yarda da shi.

Idan na dawo daga makaranta, cikin motar nake shigewa in yi aikin gida, domin can ne kaɗai babu mai yi mini magana. Ina zaune gaban mitar ne na lura da wani abu. Layin sifili ya leƙo ta gefen dama na allurar, siriri kamar zare. Na karkata kai, na rufe ido ɗaya, na rufe ɗayan. Yana nan.

Baba ba wanda zan iya tara da wannan ba ne. Kaka na faɗa wa, muna tsince wake a tsakar gida.

"Ke da ba ki iya kallon mutum a ido ba, ashe allura kike kallo," ta ce. "Ko mai shayi ne ya ba ki madara?"

Ita ma ba ta yarda da kowa ba, har da ni. Amma ta ja mayafi ta bi ni. Ta ƙura wa gilashin ido, ba ta ga komai ba, idonta ya riga ya yi hazo. Sai ta tambaye ni lambobin sun kai nawa. Na ce sittin. Ta ce ɗayar da aka bari a shago fa? Na ce biyu. Kaka ta sayar da zinariya a ƙuruciyarta. Ta ce lokacin da take ciniki, ba ta taɓa kai ɗan kunne wurin masu awon buhun goro ba, domin ko goma ta ɗora, sikelinsu zai rantse babu komai a kansa.

Washegari ta aiki Baba Ƙarami ya karɓo ƙaramar, ta sa aka kira Masta. Bayan la'asar ne, mai shayi na hura gawayi, mutane na dawowa daga masallaci. Baba ya ce, "Mma, an riga an auna." Ta ce, "Gidana ne, ɗakina ne. A sake."

Masta ya cire waya ɗaya daga kan batir, ya sa ƙaramar mitar tsakani. Komai a kashe yake, makulli na aljihun Baba. Allurar ta miƙe, ta hau layuka da dama, ta tsaya cak. Masta ya shiga zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, yana leƙowa. Da ya zare wani, allurar ta faɗi. Ya bi wayar da yatsa har ƙarƙashin gado, inda akwai wani akwatin katako da buhunan goro suka danne. Aka ɗaga murfin. Ɗan ƙwan fitila ne a ciki, bai kai ƙwayar dabino ba, yana ci. An yi shi ne ya mutu idan an rufe akwatin, amma maɓallin ya karye. Masta ya rufe ya leƙa ta tsaga, yana nan a kunne.

Masta ya yi dariya. "Ga shi nan, Alhaji. Ga wani."

Shi kaɗai ya yi dariyar. Baba ya taɓa ƙwan, ya janye yatsa saboda zafi. Sai ya tambayi wa ya karya maɓallin. Ya dubi Baba Ƙarami, ya dubi Masta, ya dube ni. Tebur ne kawai bai duba ba.

Kaka ta taka da kanta har gaban mai shayi. Ta ce, "Malam, ɗakinka naka ne. Maganar ƙarshen wata babu ita."

Ya miƙe tsaye, ya rage ƙarar rediyo. "Allah ya saka da alheri, Hajiya. Amma na riga na yi alkawarin wani ɗaki a unguwar Maamobi."

Ban sani ba ko gaskiya ne. Ranar tashinsa ya share ɗakin, ya wanke daɓen da sabulu. Baba ya aike ni in ce masa za a kai masa kaya a mota. Wannan ne iyakar haƙurin da Baba ya iya bayarwa, kuma ta bakina ya bi, ni da muryata ba ta fita. Mai shayi ya ce in ce ya gode. Ya kira mai tura kura, aka ɗora tebur da benci da tukunyar shayi. Motar na nan a gefe, batirinta a cike.

Yanzu masu gyara suna da mita mai baki kamar na ƙaguwa. A maƙala ta a jikin waya ba tare da an cire komai ba, ta rubuta lamba har da ɗigonta, babu allurar da za a yi gardama a kai. Gidan Kaka ya zama bene. Ɗakin ƙofa kuwa an fasa shi ta waje, wani saurayi ya buɗe shagon cajin waya, idan an ɗauke wuta ya tayar da janareto, unguwa ta yi layi. Yaron kirki ne, yana gaishe ni har ƙasa, ban taɓa jin an ce ya yi wa wani komai ba. Duk da haka, na lura babu mai miƙa masa waya sai ya fara duba adadin cajin da ke ciki. Ni ma ina dubawa.