Sarƙar da Kawu Ya Hana

Mun sha wuya, wallahi. 'Yan bindiga sun yanka abokin ɗana Sani a gabansa a dajin Zurmi, ya dawo yana dukan kowa. Ɗan mai hali asibitin Sakkwato ake kai shi, namu sai sarƙa.

Ran da na ɗauko sarƙar, Kawu ya tare ƙofa. Sani ya naushe shi har haƙori ya fita. Kawu ya tofar da jini, ya riƙe hannun yaron bai saki ba. Ya ce mini, "A ɗaure suka tsare shi, kai ma ɗaure shi za ka yi?"

Jiya Kawu ya shekara da rasuwa. Sani ya farfasa tukwanen uwarsa, maƙwabta suka ce in ɗaure. Allah ya yalwata kabarin Kawu. Da safe na riƙe hannun Sani muka hau motar Sakkwato.