Sa Hannu na Huɗu

'Yata ta fari tana da shekara shida muka baro Maraɗi muka zo Greensboro. A nan ta yi lakwal, wato makaranta, a nan kuma ta kamu da son wasu makaɗan rok, Turawa huɗu masu gashi har kafaɗa. Ni dai ban taɓa jin komai a kiɗansu ba sai hayaniya. Tana da sikila. Duk sanda ciwon ya tashi, sai ta toshe kunnuwanta da kiɗan nan ta ƙure sauti. Ta ce shi ke mantar da ita ƙasusuwanta.

Tana shekara goma sha biyar ta fara tara kayansu masu sa hannu: riga, hotuna, da sandar kiɗan ganga guda da ta samu ta hanyar musaya da wani a intanet. Wanda ta fi ji da shi kwalin babban faifai ne irin na da. Uku daga cikinsu sun sa hannu a kai, saura mai ganga. Na ukun ma sai da ta je Charlotte da ƙawarta ta tsaya awa huɗu cikin sanyi kafin ta samu. Ta dawo ta yi kwana shida a asibiti.

A bakin gadon na yi mata faɗa. Na ce, "Saboda rubutun kaza za ki kashe kanki?"

Ta amsa da Turanci, kamar kullum. "Mama, saura ɗaya kawai."

Ta rasu tana da shekara goma sha tara. Bayan an share makoki, babanta ya ce a fitar da kayan a kai shagon gwanjo, ba ya son ganinsu. Na ce to, amma na zuba su a akwati na tura ƙarƙashin gado.

A lokacin ina aikin wanki a wani otal a High Point Road. Wata takwas da rasuwar, abokiyar aikina, 'yar Jos, ta ce ta ga hoton mutanen nan a allon talla, za su yi wasa a garinmu ranar Asabar. Ta san su ne don 'yata ta taɓa nuna mata.

Ranar Asabar da la'asar na ce wa maigida zan je sayen kayan miya. Na sa kwalin cikin hijabi, na tafi ƙofar baya ta gidan wasan, inda manyan motocinsu ke tsayawa. Mutane kusan talatin na tarar, duk cikin baƙaƙen kaya, suna ta kallona. Wata Baturiya mai zane a hannu har wuya ta matso ta tambaye ni ko na yi ɓatan hanya ne. Na fito da kwalin, na gaya mata da ɗan Turancina. Sai ta ja ni har gaban mai gadi ta yi masa bayani.

Ya ce ba za su fito ba, amma in kawo. Ya shiga da shi, ya fi rabin awa, har na fara tunanin ya tafi ke nan. Da ya dawo, ga sabon rubutu da baƙin alƙalami a gefen sauran ukun. Na yi kuka a mota har na kasa tayar da ita.

Bayan kwana biyu na kira ƙawar 'yata, wata yarinya 'yar East Greensboro, na ce ta zo ta gani. Ta zauna a kafet ta riƙe kwalin, ta daɗe tana dubawa.

"Anti," ta ce, "wannan ba shi ba ne. Mai gangar ya bar su tun bara. Wannan sabon da suka ɗauka ne."

Na ce, "Ba a iya gogewa?"

Ta girgiza kai.

Na ce mata na ɓata wa 'yata abinta. Ta ce a'a, da tana nan da dariya za ta yi har ta riƙe ciki. Wataƙila gaskiya ta faɗa, amma ban ji sauƙi ba. Shekara huɗu tana nuna mini fuskokin mutanen nan tana faɗa mini sunayensu, ban taɓa tsayawa na saurara ba.

Muna nan zaune maigida ya shigo daga aiki, ya ga kayan baje a ƙasa. Na jira faɗa. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ɗauki rigar ya ninke ta a hankali. Na ce masa ina so in ba yarinyar nan duka, don ita ta san darajarsu. Ya ce to. Shi ya ɗauki akwatin ya kai mata mota, ta taga kuma na hango shi tsaye a wurin ajiye motoci bayan ta daɗe da tafiya.