Jan Jirgina da Baƙin Jirgin Kaka

Jiya na shiga shagon wani tela a Sabon Gari, na tarar yana ɗiga wa kekensa mai. Warin man nan ya tsayar da ni a bakin ƙofa har sai da ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau. Ta ina zan fara gaya masa cewa kakana na tuna?

A Birni na tashi, a gidan mahaifin innata, gindin manyan duwatsun nan da ke riƙe zafin rana har bayan la'asar. Kun san dai Damagaram ba ta da layin dogo. Amma Kaka a Nijeriya ya ƙarar da ƙuruciyarsa, yana zuba wa jirgin ƙasa gawayi tsakanin Kano da Nguru. Da ƙarfi ya ƙare sai ya dawo gida da ciwon baya, da tari, da wani akwatin ƙarfe. Cikin akwatin akwai ɗan kan jirgi na wasa, baƙi, mai nauyi, irin wanda ake wanawa da makulli, da taragu biyu, da guntayen layi da ake haɗawa su yi zobe.

Tun kafin in yi wayo sifirin ɗin da ke juya shi ya karye, kuma tun daga nan Kaka bai huta ba. Duk Alhamis yana kasuwar Dole wurin masu tsofaffin kaya, yana tona. In ya yi sa'a, a shekara ya samu mataccen jirgin wasa guda. Sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya farke shi, ya ɗebi abin da yake so, ya ɗiga wa nasa man keken ɗinki. Ƙafafun baya daga wani koren jirgi ya ciro su, ya goge da zarto har suka hau layi. Sandunan da ke haɗa ƙafafun na wani ne daban. Ya taɓa sa masa sifirin agogon tebur, jirgin ya zabura ya bar layi ya daki bango. Inna kan ce in an bi diddigi, babu abin da ya rage na asali sai baƙin fentin.

Ina da shekara goma kawuna mai tuƙa babbar mota ya kawo mini tsaraba daga Kwatano: jirgi ja na roba, mai aiki da pil, wato batir, har da fitila a goshi. Ban taɓa mallakar abin da babu wanda ya riga ni amfani da shi ba sai shi. Na kai wa Kaka don in yi masa yanga.

"Amarya, kawo in ga wanda ya ƙwace mini ke," in ji shi.

Ya kifa shi a tafin hannu, ya kunna, ya kara a kunne. Ya daɗe yana saurare.

"Injin nan zai iya jan nawa. Ki ba ni aro mana."

Na san irin aron Kaka. Na ga gawarwakin jiragen da ke cikin akwatinsa. Na fizge abina na ce a'a.

"To, shi ke nan," ya ce. "Naki ne." Bai sake tayar da maganar ba.

A bazarar nan ne, wata safiya, buta ta kuɓuce masa wurin alwala. Hannun dama ya shanye, baki ya ɗan karkace. Bayan an dawo da shi daga likita sai ya koma zama a zaure yana kallon hanya, akwatin kuma na ƙarƙashin gado, ko tambayarsa ba ya yi. Lokacin ruwa ya yi wuya a gari. Inna ta wuni bin layin famfo, ta dawo ta dama masa kunu, ya kurɓa sau biyu ya ture. Na ji ta tana gaya wa maƙwabciya cewa tsohon nan ya saki jiki, ita kuma ba ta san abin da za ta yi masa ba kuma.

Ba zan yi muku ƙarya in ce nan take na yi abin kirki ba. Sai da na yi sati uku ina ɓoye jirgina a cikin kwalla. Ranar da aka ba mu hutun lakwal, wato makaranta, na jawo akwatin zuwa zaure, na ɗora jan jirgina a kai.

Ya dube ni. Maganarsa ta yi nauyi, amma na gane. "Ki yi tunani. In aka buɗe shi ba zai koma yadda yake ba."

"Na sani."

"Kuma ba ni da hannu."

"Ga nawa."

Damina guda muka yi a kan aikin nan. Shi ke faɗa, ni ke yi. Shi ya ce batir, ni in ce pil, har mu yi gardama. Haƙoran injina ba su shiga na nasa ba, sai da na kwana biyar ina guga. Wurin zuba gawayi muka mayar gidan pil. Zarto ya cinye mini fatar yatsa. Wata rana ƙaramar ƙusa ta faɗi cikin yashi, na saci rariyar Inna na tankaɗe rabin zauren ina kuka, na sha faɗa a kan rariyar. Kaka ba mai haƙuri ba ne. In hannuna ya kauce sai ya buga sanda a ƙasa, ya yunƙura zai karɓa, ya tuna, ya koma ya zauna. Wannan komawar ta fi faɗan ciwo.

Gero ya fara fitar da kai a gonakin danginmu na Tirmini lokacin da muka gama. Na haɗa waya, jirgin ya yi gurnani ya kama tafiya da baya. Kaka ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Inna ta fito da gudu da muciya a hannu. Na juya wayoyin. Ya tafi gaba, a hankali, kamar jaki da kaya, don ƙarfen ya fi ƙarfin injin roba.

"Shekaru ashirin da wani abu ina zuba gawayi," in ji Kaka, "ko sau ɗaya ba a bar ni na tayar da jirgi ba."

Na sa masa bakin wayar a hannun hagu. Sai da ya gwada sau huɗu kafin ta taɓa inda ya kamata. Jirgin ya zagaya sau uku Kaka yana kallo. Da wari ya fara tashi sai ya saki.

"Bar shi ya huta. Kayan sun yi masa yawa."

Sati guda injin ya yi ya ƙone. Na zauna da ɓawon jan jirgina babu komai a ciki, kuma na ji haushi, haushi na gaske, har na kwana biyu ban gaishe shi ba. Amma ya koma shan kununsa. Ya ƙara shekara guda da 'yan watanni, sannan Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu Inna ce ke kwance a ɗakina, ni ke dama kunun. In na taso daga aiki ƙafafuna ba sa son ɗaukata. Kwanan baya motar wasan autata ta daina tafiya. Na juya ta ina neman inda zan kwance, na ga babu ƙusa ko ɗaya, an manne ta ne gaba ɗaya.

"Mama, ki bar ta kawai," in ji yarinyar. "Ba a gyara irin wannan."

Na so in yi mata gardama, ban samu ƙarfi ba. Na jefa motar cikin jakata. Yau sati biyu ke nan ina zuwa aiki da ita ina dawowa.