Memori Guda Biyu Mma Mulikatu Ke Nema Kafin Litinin

Wa ke da tsohuwar kwamfuta da ta mutu a ɗakinsa? Don Allah kar ka yar da takardar nan, tsaya ka ji.

Ni Tani ce, 'yar Mma Mulikatu ta Maamobi, wadda kuke gani kullum da safe tana jiran motar haya ta trotro da jakarta shuɗiya. Shekara sha tara tana buga tafireta a ofishin Alhaji Imurana a Kokomlemle, masu fito da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema. Ba ta kallon yatsunta in tana bugawa. Tun da babanmu ya rasu, da yatsun nan ta riƙe mu, mu huɗu.

To wata uku da suka wuce Alhaji ya ce mata, Mulikatu, mutane sun daina son takardar tafireta, ta kwamfuta suke so. Sabuwa ba zan iya ba. Akwai wani saurayi mai tasa, ya ce zai zo da ita ya zauna. In kin kawo taki kafin ƙarshen wata na uku, teburin naki ne. Litinin ɗin nan watan ke ƙarewa.

Mma ba ta yi kuka ba. Kullum in an tashi aiki sai ta wuce makarantar kwamfuta a Kotobabi, ta zauna cikin sa'o'ina, har ta fi su sauri. Malamin ne ya ce ai ba sai an sayi sabuwa ba, ana haɗawa guntu guntu. Ya rubuta mata jerin kaya.

A nan aka yi kuskure. Kun san Zongo, in ɗan uwa na sayar da abu ba ka wuce shi ka je gun baƙo. Sai ta raba jerin. Akwatin kwamfutar gun wani maƙwabci. Babban allon ciki gun Anti Fatimata a Madina, wadda ta yi mata zaman jego, mijinta na kawo tsofaffin kaya daga Jamus. Memori kuma, wato 'yan sandunan ƙwaƙwalwar kwamfuta, gun Baba Braimah, ƙanin babanmu. Ba wanda ya ga abin da ɗayan ya ba ta.

Baba Braimah ya zube su kan tebur ya ce, matata, zaɓi, tun da yau kin tuna kina da miji.

Mma ta ce, mijin da ko sabulu bai taɓa saya min ba? Ba ni dogayen nan, kar ka cuce ni da gajeru.

Ya ce, ke kam ko a kasuwar kifi haka kike.

Muka ɗora komai a kai har gun mai haɗawa. Ya gwada, ya juya, ya sake gwadawa. Ya ce Mma, allon nan tsoho ne, gajeren memori yake ci, mai haƙori talatin, kuma sai guda huɗu iri ɗaya. Naki dogaye ne, ba sa shiga ramin. Da ya kunna ta babu memori, ƙara kawai take yi, gilashin kallo baƙi ƙirin.

Muka koma, Baba Braimah ba shi da gajeru ko ɗaya, duk ya daina dariya. Na ce to mu mayar wa Anti Fatimata allonta. Mma ta ce da wane ido? Matar da ta yi min wankan jego zan ce wa kayanki ba kyau? Kuma ko ta so sayen wani, abin hannunta ya ƙare, har zannuwanta na aure sun tafi.

Kwana shida muna yawon kasuwanni, Circle, Kantamanto, Kaneshie, ƙafarta ta kumbura. Mun samu biyu gun wani mai gyaran rediyo. Saura biyu. Jiya na gan ta ta ɗora yatsu kan kibod ɗin tana bugawa, ba abin da ke fitowa, ta ce tana motsa hannu ne kawai.

Ba ta san na ɗauki tafiretarta na buga wannan ba, za ta yi faɗa, ba komai. Abin siriri ne, kore, tsawon yatsa, mega huɗu huɗu. Ko ba ka tabbata ba ka kawo a gwada. Ka tambayi masu sayar da tuwon kenke a bakin titin Maamobi, za su nuna maka gidanmu. In ba ka da shi, don Allah miƙa wa na kusa da kai kafin a watse daga masallaci, shi ma ya miƙa gaba.