Layar Kawu a Akwatin Sola

Ko yau aka tashe ni daga barci, zan iya kawo labarin bohol ɗin garinmu na Gafasa tiryan-tiryan, don abin ya zauna mini daram a rai.

Shi ne aikina na farko bayan na gama koyon haɗa sola a Gaya. Farantan sola shida na ɗora a kan ƙarfe, ruwa ya zubo, har mata suka yi guɗa. Damina na sauka, famfo ya fara wasa, yau ruwa gobe babu. Nan da nan magana ta zaga gari, wai jabun kaya na sa. Dattawa suka yanke shawarar a kira wani daga Kano ya kwance komai. Wallahi abin ya ƙona mini rai, don na san in aka kwance aikin nan, babu mai sake ba ni ko ƙwan fitila in ɗaura. Na roƙi a ba ni kwana biyu.

Na hau inda farantan suke da tsakar rana, ƙarfe na ƙona hannu, ina bin farantan ɗaya bayan ɗaya da mitar awon wuta. A bayan kowane faranti akwai ɗan baƙin akwati inda wayoyi ke haɗuwa, a liƙe yake ruf don kada ruwa ya shiga. Na huɗun sai na ga murfinsa a ɗage, da alamar bakin wuƙa. Ina buɗewa na tarar wayoyin sun yi tsatsa, ga wata 'yar laya a jiƙe sharkaf. Ɗinkin fatar kawai na gani na gane ta Kawu ce, yayan mahaifiyata, malamin da ke kula da bohol ɗin.

Ban faɗa wa kowa ba. Na same shi a zaure, na durƙusa na miƙa masa. Ya daɗe yana juya ta, sannan ya ce saboda ɓarayi ya sa, ya ga wurin a ɓoye yake.

Na ce, "Kawu, zan gyara, ba sai an ji ba."

Ya ce, "A'a. Sunanka aka ɓata, ni zan wanke shi."

Bayan La'asar ya miƙe a masallaci ya faɗi komai da bakinsa. Ni kuwa na canza akwatin, na liƙe shi da gam, washegari ruwa ya dawo.

Daga ranar na koyi cewa aiki bai ƙare ba sai ka nuna wa masu shi inda ba a taɓawa. Layar tana nan har yau, Kawu ya sake mata fata, ni na ɗaure ta da hannuna a jikin ƙarfen da ke riƙe da farantan.