Filan ɗin Cirar Gyaɗa

A ajinmu na ƙarshe a sakandare a Gaya ba mai cewa shiri ko tsari. Filan muke cewa. Za ka je cin wake da shinkafa bakin tasha, filan ne. Za ka zille wa darasin lissafi, filan ne. Kalmar Turanci ce, amma a bakinmu ta zama 'yar gida, ni kuwa na fi kowa cinye ta. Ko a ƙauyenmu na wajen Gafasa, in Inna ta aike ni ɗebo ruwa sai in ce bari in yi filan. Ta ce, "Jarkar ma sai an yi mata filan?"

Shekarar da na gama, saƙo ya shigo wayata cewa in je Kano tantancewar shiga jami'a ranar Litinin ta sama. Wanda bai je ba ya rasa gurbinsa. Sai da na zagaye tsakar gida ba takalmi, awaki suna kallona.

Baba ya yi hamdala, sannan ya ce, "Sai dai gyaɗa ta nuna, ruwa kuma ya ɗauke. In ƙasa ta ƙame, ganye za ka ja, 'ya'yan su zauna a ciki. Ta fita daga ƙasa, kai ma ka fita."

Ba mugunta ba ce. Daga ni sai shi a gonar, bayansa kuma yana damunsa. Mu biyu sai mu yi sati biyu muna fama. Ni kwana takwas gare ni.

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ina da filan."

Gayya zan kira: mutane su taya ka aikin yini guda, ka ciyar da su, ranar tasu kai ma ka je. Nan take na buɗe guruf a waya, na zuba samarin ƙauyenmu su ashirin da wani abu, na rubuta: "Alhamis da sassafe, gonarmu, akwai dambu da fura, ba wasa." Kafin in ajiye wayar amsa ta fara zuba. "An gama, mutumina." "Muna tare." Wasu babban yatsa kawai suka ɗaga.

Na ce wa Inna ta yi abincin mutum ashirin. Ta ce, "Ka je gidajensu?"

"Inna, an wuce wannan zamanin. Duk ga su nan a cikin waya."

Ranar Alhamis mutum uku suka zo. Ɗaya ma da farin kambas, ya ɗauki hoto da fartanya ya ce yana da uzuri. Na hau kiran sauran ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce babansa ya tura shi yankan gero. Wancan ya ce an aike shi kasuwar Ajingi da tumaki. Na ce, "Ba kai ka rubuta an gama ba?" Ya ce, "Na rubuta mana. Ni na isa in ce wa tsoho ba zan je gonarsa ba?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. A wajenmu safiyar saurayi ba tasa ba ce, ta gandun gidansu ce, ubansa ke cewa ga inda za shi. Ni kuwa na bar masu iko na tambayi 'yan aike.

Baba bai yi faɗa ba. Yana zaune a inuwar ɗorawa ya miƙo mini ludayi ya ce, "Mai filan, sha fura. Akwai ta mutum goma sha bakwai."

Bayan la'asar ya sa hularsa, ya sayi goro a ɗan shago, ya ce in riƙe in biyo shi, wayar kuma ta zauna a aljihu. Gida bakwai muka shiga. Ko'ina sai an yi sallama, an shimfiɗa tabarma, an tambayi iyali da gero da ciwon baya. Yatsana har ƙaiƙayi yake don son taɓa waya. Sai can Baba ya ce, "Yaron nan ne aka kira Kano karatu, ga gyaɗa a ƙasa."

Wani kawuna ya dube ni ya ce, "Au, kai ne mai gayya a waya? Ai da ka bar wayar ta cire maka."

Aka yi dariya, ni ma na yi ta dole. Kawun ya ɓare goro ya ce, "Samarina uku, na ba ka su. Amma ranar tawa ina son ganin ɗan jami'a a kan kunya."

Na lura Baba bai sa rana ba sai da ya ji wa ya gama yankan gero, wa ke da kasuwa. A gida na huɗu ya ce Asabar, sauran duk suka amince.

Ranar Asabar, tun rana ba ta ɗaga ba, gona ta cika, har da waɗanda ba mu je gidansu ba. Mai farin kambas ma ya zo, wannan karon da silifas, babansa yana biye da shi. Ƙasa ta fara tauri daga gefen tudu, sai da muka sa fartanya, amma sauran ana ja tana fitowa da 'ya'yanta jingim. Kafin la'asar an gama, an jere ta tana shan iska. Inna ta kankare tukunya ta ce yau kam ba ta ga ragowa ba.

Lahadi Baba ya rako ni har inda ake hawa acaɓa zuwa Ajingi, daga can in shiga motar Kano. Ya ce, "To, meye filan?" Karo na farko kenan da na ji kalmar a bakinsa ba da zolaya ba.

Na ce, "In sauka gidan Gwaggo, da asuba in bi layi."

"Kafin layin ka gaishe da mai gadin ƙofa. Ya fi wayarka sanin ofishin da za ka shiga."

Na gaishe shi kuwa, shi ya nuna mini hanya. Sati biyu bayan an tantance ni na dawo gida, ranar gayyar kawuna ta zo. Ina sunkuye a kunya ya leƙo ya ce, "Ɗan jami'a, wannan ma filan ne?" Na ce filan ne, Kawu, na ci gaba da ja.