Ranar da Maikano Ya Ƙi Waiwaye

A Rafin Kanya, wani ɗan ƙauye da ke maƙale a gindin dutse can bakin dajin Falgore, ba wanda zai ce maka Maikano mai dukiya ne ko mai karatu. Sunan yankansa Abdullahi. Maikano kuwa laƙabin da kakarsa ta liƙa masa ne, don shi dai Kano sau ɗaya ya taɓa taka ta, kuma ya dawo yana mita wai gidajensu sun tare masa sama. Yana da gonar dawa da 'yar fadamar rake, da rani kuma ya ɗaura amya a kan itatuwa ya kwashi zuma. Abin da Allah ya fifita shi da shi guda ɗaya ne, ido. Mutumin nan yana tsaye a ƙofar gidansa zai hango akuya a gefen dutse ya faɗa maka ta wane gida ce, har ya ƙara da cewa tana ɗingishi.

Saboda haka duban wata ya zama aikinsa, kamar yadda ya kasance aikin mahaifinsa. Duk ranar ashirin da tara ga Sha'aban ko ga azumi, zai hau Dutsen Kanya kafin faɗuwar rana, ya zauna a kan wani faffaɗan falale da ke fuskantar yamma. In ya ga jaririn wata, sai ya nuna wa wani mutum guda, su shaida a gaban Liman. Daga nan a cinna wa tarin itace wuta a ƙololuwar dutsen. Ƙauyukan da ke kewaye suna hango wutar su san an ga wata, dagaci kuma ya tashi mahayi zuwa wurin hakimi a Tudun Wada. Tun yana saurayi yake wannan aiki har furfura ta fara fito masa, ba a taɓa mayar masa da magana ba. Shi kuwa yana ji da abin nan ƙwarai, ba ya ma ɓoyewa. Ko hayaƙin murhu ba ya yarda ya shigar masa ido, kwalli kuwa ya fi matarsa Asabe shafawa.

Ana saura shekara biyu Turawa su tattara nasu ya nasu, azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin da ke sa kaza ta buɗe baki. A cikin goman ƙarshe Maikano ya hau dutse da yamma don ya tara itacen wutar Salla. Magariba ta riske shi a can. Ya sha ruwa daga goransa, ya yi salla, ya miƙe zai sauka ke nan sai ya ga wani haske ya taso daga gabas, ta saman daji.

Taurari dai ya san su kamar 'ya'yan cikinsa. Jirgin sama ma ya san shi, don yakan wuce jefi-jefi da rugugi ya nufi Kano. Wannan ba ya kama da ko ɗaya. Ya fi Zara girma nesa ba kusa ba, kuma ko ƙaran sauro ba ya yi. Ya taho a hankali, ya tsaya cak a sararin sama, fari fat, sannan ya rikiɗe ya yi ja, ya koma kore, yana juyawa kamar faifai a hannun mai shiƙa. Can sai ya zabura gefe guda, ya sake tsayawa, ya kuma cilla arewa ya ɓace.

Maikano bai san lokacin da ya sauko daga dutsen ba. Takalmi ɗaya ya bari a can. Ya faɗo dandalin masallaci, inda dattawa ke shan kunu, yana haki yana nuna sama da hannu biyu.

"Jama'a, ku tashi! Wallahi na ga abin da ido bai taɓa gani ba! Wuta ce a sama, tana tafiya, tana tsayawa, tana sauya launi!"

Kowa ya ajiye ludayi ya ɗaga kai. Sama na nan lafiya lau, taurari sun jeru kowanne a gurbinsa. Sai Mudi, taubashinsa, wanda tun suna yara ba ya barin Maikano ya sha ruwa cikin salama, ya lashe ludayinsa ya ce, "Bawana, zauna ka sha kunu. Ni ma jiya da la'asar sakaliya na ga ƙosai yana yawo a sama."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Kafin gari ya waye labari ya kai kasuwar Dangora. Wasu suka ce yunwa ce, wasu suka ce aljanun dutse ne suka shafe shi, tunda ya zauna musu a gida da magariba. Wasu kuma, kuma wannan ita ta fi yi masa ciwo, suka ce ai tsufa ne, idon ya fara ƙarewa.

Asabe ba ta yi dariya ba, amma ba ta rage masa komai ba. Tana tuƙa tuwo ta ce, "Ni na yarda ka ga wani abu, Malam, don ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Amma da ka shigo gida ka fara gaya mini, da na ce ka haɗiye abinka."

"In haɗiye? Asabe, da kin gan shi! Ja, sannan kore, yana juyawa..."

"To, ga shi nan ka juya gari."

Washegari Liman ya aika aka kira shi. Dattijo ne mai taushin magana, kuma hakan ya sa maganar ta fi shiga. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Maikano, ni ban ce ka yi ƙarya ba. Amma azumin jama'a amana ce a wuyana, kuma zukata sun yi rauni a kanka. Bana in ka ga wata, sai an samu mutum biyu daban sun gani da idonsu. Taka shaidar mu ajiye ta tukuna."

"Allah ya gafarta Malam, ashe ni yanzu ba na cikin lissafi?"

"Bana kawai na ce."

Maikano ya fito daga zauren. Ya san yadda irin wannan "bana kawai" take, ba ta ƙarewa. Ya yi baƙin ciki mai tsanani, har ya kasa cin sahur. Duk da haka abin da ya gani bai bar shi ba. Kowace magariba sai ya hau dutse ya kafa wa gabas ido, yana roƙon Allah ya maimaita masa, ko da mutum guda ne a gefensa. Ba abin da ya zo.

Ranar ashirin da tara ga wata, Dutsen Kanya ya ga taron da bai taɓa gani ba. A da mutum huɗu ko biyar ke hawa. Ran nan kuwa gari ne ya tashi, maza da tsofaffin mata, da ƙoren kunu da tulunan ruwa, har Liman da kansa aka riƙo hannunsa aka hau da shi. Kowa ya ce duban wata ya zo, tunda an ce sai mutum biyu. Gaskiyar magana kuwa, rabinsu Maikano suka zo kallo. Mudi ya zo ya zauna daf da shi a kan falalen, yana cewa, "Bawana, in ƙosanka ya fito ka sammini."

Maikano ya kafa wa yamma ido. Shi ya san abin da sauran ba su damu da shi ba: watan bana siriri ne, kuma akwai wani jan hazo kwance a gindin yamma. In zai fito, zai leƙo ne a 'yar tsagar da ke tsakanin hazon da duhun sama, ya daɗe gwargwadon a sha ludayi kaɗan na kunu, sannan ya nutse. Wanda ya ɗauke ido ya rasa shi.

Rana ta faɗi, aka yi kiran salla, aka kai ruwa baki. Maikano ya kurɓa ba tare da ya sauke ido ba. Yana cikin lalube a tsagar nan sai ya ji wata tsohuwa a bayansa ta ƙwalla salati.

"La'ilaha illallahu! Mene ne wancan?"

Sai dutse ya ɗauka gaba ɗaya. "Ga shi! Ga shi can ta kan daji!" "Ya tsaya! Wallahi ya tsaya!" "Ya yi ja!" Ƙorai suka kife, kunu ya malala a kan dutse, wasu na kabbara, wasu na kiran sunan iyayensu. Mudi ya yi tsalle ya juya, bakinsa a buɗe. Muryar Asabe ta keto ta cikin hayaniyar, tana kuka tana dariya: "Malam! Malam, juyo! Abinka ne ya dawo! Juyo ka gani!"

Wayyo, Maikano! Abin da ya yi ta roƙo ke nan dare da rana, ga shi a bayan ƙeyarsa, juyawa ɗaya kawai. Wuyansa har ya fara karkata da kansa. Amma ya san in ya juya, ba sauran ido ko ɗaya a yamma, kuma ƙauyuka da yawa na zaune suna jiran wutar dutsen nan don su san ko gobe Salla ko azumi. Ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu, ya cije leɓe, hawaye na zubo masa, yana share su da sauri don kada su ɓata masa gani.

"Ya koma kore!" in ji jama'a. "Yana juyawa!"

"Na sani," in ji Maikano a ransa. "Ai na gaya muku."

Sai ga shi. Siriri kamar yankan farce, a daidai tsagar da ya zata. Maikano ya daka tsawa, "Wata! Ga wata!" Ko mutum ɗaya bai ji shi ba. Ya sake kira, muryarsa ta nutse a cikin kabbara. Watan kuwa har ya fara taɓa bakin hazo. Sai ya miƙa hannu baya ya cafko rigar Mudi, ya fizgo shi ƙasa, ya kama kunnuwansa biyu kamar mai shirin ɗaga tukunya, ya murɗo kansa yamma.

"Sake ni, mahaukaci! Yana tafiya, zai ɓace!"

"Bi yatsana! Saman itacen ɗorawar can, kaɗan dama. Ka gani?"

"Ka sake mini kunne!"

"Ka gani ko ba ka gani ba?"

Mudi ya bi yatsan da ido. Sannan ya ce a hankali, "Na gan shi. Wallahi ga shi can."

Maikano ya sake shi ya laluba ko zai samu na biyu, amma ba kowa kusa, kuma kafin ya miƙe hazo ya haɗiye watan. Sai a lokacin ya juya gabas. Ba komai sai taurari da suka fara fitowa, da jama'a tsaye cirko-cirko suna nuna inda abin ya bi. Ya makara da ƙiftawar ido.

Aka yanyame shi. Masu cewa yunwa ce su ne a gaba wajen riƙe masa hannu, kowa na ba shi labarin abin da shi ya fara ba su. Wannan ya ce kamar faifai, wancan ya ce a'a, kamar ƙwarya a kife. Shi dai hankalinsa ba ya wurinsu, don lissafinsa bai cika ba: an ce mutum biyu ban da shi, ga shi guda ɗaya ya samu. Ya ratsa taron ya durƙusa a gaban Liman.

"Allah ya gafarta Malam, wata ya tsaya. Amma Mudi kaɗai na samu na nuna wa."

Liman, wanda rawaninsa ya warware bai ma sani ba, ya dube shi ya ce, "Kai ba ka juyo ba?"

"Ban juyo ba."

"Duk wannan ihun?"

"Ba wanda ke kallon yamma, Malam."

Liman ya ce, "Maikano, ka ga wata?"

"Na gani."

"A kunna wuta."

Wutar ta tashi, ƙauyuka suka amsa da guɗa daga nesa, mahayi ya kama hanyar Tudun Wada. Asabe ta tsaya a gefen mijinta tana gyara masa hula, wadda ba abin da ya same ta.

Abin nan bai sake dawowa ba, kuma har yau ba wanda ya san ko mene ne. Wani tsohon soja da ya yi yaƙi a ƙasashen waje ya rantse ba jirgi ba ne, malamai suka ce ikon Allah ne, aka bar shi a haka. Maikano ya ci gaba da hawa dutse shekara da shekaru, har gwiwa ta gaza kafin ido ya gaza. In an zauna hira ana labarin daren, kowa na da abin faɗa ban da shi, don shi kaɗai ne a garin bai gani ba. Yakan zauna yana murmushi, ya ce a sake ba shi wurin da ya koma kore.

Mudi kuwa bai yafe ba har ya tsufa. Duk ranar Salla sai ya zo karɓar barka da Salla a wurin taubashinsa, ya kama kunnensa ya nuna wa mutane, ya ce, "Ku dubi abin da bawan nan ya yi mini. Ya murɗe mini wuya, ya hana ni ganin ƙarshen abin, wai in yi masa shaida. Kuma Liman ko tambayata bai yi ba."